Kyamarar Aljihu: Abin Lura Kafin A Kwance Bakin Lalita

A zamanin da, idan mutum yana bukatar hoto sai ya yi wanka, ya saka rigar Salla, ya nufi shagon mai hoto. Can za a zaunar da shi a gaban labule, a ce ya ɗaga haɓa kada ya motsa, sa'an nan a ce ya komo bayan kwana uku in an wanke. Hoto a lokacin nan abu ne na ranar biki, ko ranar neman fasfo, ko ranar da ɗalibi ya gama makaranta. Yau kuwa al'amari ya juya, har mai tallar gyaɗa yana da abin ɗaukar hoto a jikin wayarsa. Saboda haka duk wanda ya ce zai fid da kuɗi ya sayi 'yar ƙaramar kyamara ta yawo da ita kullum, lalle za a tambaye shi dalili, kuma gara ya fara tambayar kansa tun kuɗin suna hannunsa.

Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan, wadda ake kira CIPA, ta lissafa cewa a shekarar 2010 kamfanonin da ke cikinta sun fitar da kyamarori marasa fim wajen miliyan 121. Zuwa shekarar 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar, ƙananan kyamarori masu araha kuwa su suka fara faɗuwa. Amma abin mamaki, 'yan kaɗan ɗin da suka tsira sai suka yi farin jini, suka yi tsada. Sa'ad da kamfanin Fujifilm ya fito da X100VI a farkon shekarar 2024 a kan dalar Amurka 1,599, masu saye sun yi ta jira wata da watanni kafin su samu. A canjin shekarar 2024 kuɗin ya haura Naira miliyan 2, watau ya isa sayen sabon babur har a mai da canji. Abin da ya kai wannan daraja ba a sayensa don kawai an ga wani ya rataya.

Maganar da wannan fili zai tsaya a kanta ɗaya ce. Kyamarar yau da kullum ita ce wadda mai ita ba zai ji ƙyuyar ɗauka ba duk sa'ad da zai fita, kuma wadda za ta yi masa wani aiki guda da wayarsa ta kasa. In ta faɗi a ɗaya daga cikin biyun nan, to, an yi asarar kuɗi, kome sunan kamfanin da ya ƙera ta.

NAUYI DA GIRMA

Tun asali ma nauyi ne ya haifi ƙaramar kyamara. Wani Bajamushe mai suna Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar, yana fama da ciwon asma, ga shi yana son ɗaukar hoto in ya fita yawo, kyamarorin zamaninsa kuwa manyan akwatuna ne masu ƙafa uku. Sai ya ƙera wata 'yar ƙarama wajen shekarar 1914, mai aiki da fim ɗin silima na milimita 35. Ita ce ta shiga kasuwa a 1925 da sunan Leica. Bayan shekaru da yawa, a 1979, wani injiniya na kamfanin Olympus, Yoshihisa Maitani, ya fito da Olympus XA, mai murfi da ake turawa gefe, wadda ke shiga aljihun taguwa ba tare da jaka ba. Dukansu biyu abu ɗaya suka gane, watau abin da ya yi wa mutum nauyi a gida yake kwana.

To, mai saye ya fara da duba lambar nauyi kafin kowace lamba. Ricoh GR III ta shekarar 2019 giram 257 ce da batirinta, kaurinta kuwa bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba. Sony RX100 VII, ita ma ta 2019, giram 302 ce. Fujifilm X100VI kuwa giram 521 ce, kaurinta ya haura santimita 5. A takarda bambancin kamar ba wani abu ba ne, amma a jiki babba ne. Ta farko da ta biyu za su shige aljihun kaftani su ɓace. Ta uku sai an rataya ta a wuya ko an nema mata jaka, kuma aljihun da aka cusa mata rabin kilo zai ja riga gefe guda har kowa ya gani. Mai hawa acaba ko shiga motar haya cikin cunkoso ya san abin da ake nufi da kayan da ke kiran ido.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Mutum ya sami wani abu mai kimanin nauyi da girman kyamarar da yake sha'awa, ko da sabulu ne ko gwangwanin kifi, ya riƙa fita da shi har mako guda. Ranar da ya fara mance shi a kan tebur da gangan, ya sami amsarsa.

ZUCIYAR KYAMARA

Masu sayarwa sun fi son su yi ta ambaton megafiksel, watau yawan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, domin babbar lamba tana da daɗin faɗi. Gaskiyar magana ita ce hoton da za a wanke a girman takardar ofis, wadda ake kira A4, ɗigo miliyan 9 ya ishe shi ya fita tas. Kyamarorin kirki na yanzu duk sun wuce nan, saboda haka wannan lamba ba ta raba gardama.

Abin da ke raba gardama shi ne girman sensa, watau ɗan farantin da ke can ciki wanda haske ke sauka a kansa, a gurbin da fim yake zama a da. Misalinsa kamar tarar ruwan sama ne: mai baho ya fi mai kofi samu, ko da sun fito tsakar gida lokaci ɗaya. Ƙananan kyamarori masu araha sensarsu kimanin milimita 6 ce a tsawo da 4 da rabi a faɗi. Wadda ake kira mai inci ɗaya, irin ta jerin Sony RX100 da Canon G7 X, milimita 13.2 ce da 8.8, watau ta ninka ta farko wajen sau 4. Wadda ake kira APS-C, irin ta Ricoh GR da Fujifilm X100, kimanin milimita 23.5 ce da 15.6, ta ninka mai inci ɗaya wajen sau 3. Sama da su duka akwai mai girman tsohon fim, milimita 36 da 24, irin ta Leica Q3, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin jama'a.

Amfanin sanin wannan shi ne kada a yi sayen banza. Wayoyi masu kyau na yanzu, ko da yake sensar yawancinsu ƙarama ce, suna da dabara: sukan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido su haɗa su wuri ɗaya, sai hoton ya fito da haske ko da dare ne. Don haka kyamara mai ƙaramar sensa sau da yawa ba ta fi waya mai kyau ba, wani lokaci ma wayar ta fi ta. Inda dabarar waya ke tonuwa shi ne wurin abu mai motsi cikin ƙarancin haske, kamar yara suna guje-guje a tsakar gida da almuru, ko masu rawa a wurin biki. A nan babbar sensa take nuna kanta.

IDON KYAMARA

Na biye shi ne gilashin gaba, wanda shi ne idon kyamara. Iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda faɗin ganinsa ɗaya ne kullum, in mutum yana son abu ya matso sai ya taka da ƙafarsa. Akwai kuma mai miƙewa ya jawo nesa kusa, wanda ake kira zum. Ana auna faɗin gani da milimita, bisa ma'aunin tsohon fim. Ƙaramar lamba kamar 24 ko 28 tana kwaso wuri mai faɗi, irin ɗaki ko rumfar kasuwa. Lamba 35 zuwa 50 ta fi kusa da yadda mutum ke kallon abin da ke gabansa. Lamba 200 kuwa tana kawo fuskar mahayi daga can ƙarshen fili.

Ricoh GR III tsayayyen ido gare ta mai 28, ƙanwarta GR IIIx ta 2021 mai 40, kuma a 2025 kamfanin ya fito da GR IV, ita ma mai 28. Fujifilm X100VI mai 35 ce. Canon G7 X Mark III tana tafiya daga 24 zuwa 100, Sony RX100 VII daga 24 zuwa 200. Wasu daga jerin Panasonic Lumix TZ suna kaiwa har 720, amma da ƙaramar sensa.

A nan akwai ciniki wanda ba makawa. Kusa da lambar milimita akan rubuta wata lamba mai harafin f, ita ce ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/2 tana shigar da ninkin hasken f/2.8, ita kuma f/2.8 ninkin na f/4. Ido mai dogon zum cikin ƙaramin jiki tilas ƙofarsa ta ƙuntata in ya miƙe. RX100 VII tana farawa da f/2.8 ta ƙare da f/4.5, alhali G7 X Mark III, mai gajeren zum, tana farawa da f/1.8 ta ƙare da f/2.8. Ke nan wadda ta fi gani nesa ta fi jin duhu. Ba a haɗa gudu da susar gindi.

Saboda haka mai saye ya buɗe hotunan da ke cikin wayarsa na shekara guda, ya duba waɗanda suka ɓata masa rai. In yawancinsu abin ya yi nisa ne, kamar dawakan Hawan Daushe a Kano, ko masunta a bikin kamun kifi na Argungu, ko ɗansa a filin fareti, to, zum yake bukata. In yawancinsu duhu ne ya ɓata su, ko motsi a cikin ɗaki, babbar sensa da babbar ƙofa yake bukata. In kuwa ya duba bai ga abin da ya dame shi ba, wayarsa ta ishe shi, ya adana kuɗinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ƘURA, ZAFI DA LAIMA

Masu rubuta sharhin kyamarori a Turai da Amurka da Japan ba su shan hunturu irin na ƙasar nan, don haka akwai abin da ba su cika nauyaya shi ba. Kyamarar aljihu mai idon da ke fitowa in an kunna, ya koma in an kashe, tana aiki kamar zuga-zugin maƙeri: kowace fita da komawa tana jan iska, iska kuwa tana tafe da ƙura. Babbar kyamara mai idon da ake cirewa ana iya buɗe ta a share sensa cikin minti biyar. Ta aljihu kuwa a rufe take, in ƙura ta zauna a kan sensa sai mai gyara ya kwance ta gaba ɗaya, kuma kafin nan kowane hoto na sararin sama zai fito da baƙin tabo a wuri ɗaya. Masu amfani da jerin Ricoh GR sun daɗe suna kuka da wannan, ko da yake an sa wa GR III na'urar da ke girgiza sensa don kakkaɓe ƙura.

Wanda ke zaune a Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri, inda hazo ke rufe gari daga Nuwamba har Fabrairu, ya sa wannan a lissafi. Fujifilm X100VI ba ta zama mai kariya daga ƙura da yayyafi sai an ƙara mata wani zobe da gilashin kariya a gaba, waɗanda ake saya dabam. OM System Tough TG-7 ta 2023 kuwa don wahala aka yi ta: idonta ba ya leƙowa waje, tana jure nutsewa cikin ruwa har mita 15 da faɗuwa daga tsayin mita 2. Sensarta ƙarama ce, hotonta na dare bai kai na sauran ba, amma ga malamin gona, ko injiniyan hanya, ko ma'aikacin lafiya mai zagaya ƙauyuka, ta fi mai tsada wadda za a riƙa lallaɓawa kamar ƙwai.

Kowace iri aka saya, kada a jefa ta tsirara cikin aljihu tare da goro da makullai. 'Yar jaka mai zif ta isa. Kada a goge gilashi da bakin riga, gama ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, tana karce shi. A fara hure ta da 'yar robar hura iska, sa'an nan a shafa da ƙyalle mai taushi. Yawancin kyamarori an yi su ne don aiki tsakanin awo 0 da 40 na ma'aunin zafi, zafin bazara a arewa kuwa yakan wuce 40 ko a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Mazauna Legas da Fatakwal da Kalaba su kuma abokin gabarsu laima ce, wadda ke sa funfuna ta tsiro a cikin gilashi kamar saƙar gizo-gizo. Maganinta shi ne a ajiye kyamara a wuri busasshe mai iska, tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani.

BATIR DA WUTA

Ƙaramin jiki ƙaramin batir yake ɗauka. Bisa awon CIPA, GR III hoto 200 take yi kafin batir ya mutu, RX100 VII kuwa 260. Wannan bai isa yinin biki ba. Inda wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, batir na biyu ya zama tilas, kuma a sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. A kuma tambaya ko ana iya cajin kyamarar da igiyar USB-C irin ta wayoyin yanzu, domin in haka ne, abin ajiyar wutar da ake cajin waya da shi zai ɗauke ta, a mota ko a ƙauye. Wadda sai an cire batir an sa a cajarta ta musamman, ranar da cajar ta ɓata aiki ya tsaya.

A KASUWA

Sababbin kyamarori irin waɗannan ba su da yawa a shagunan ƙasar nan, yawanci sai an yi saƙo daga waje. Mafi yawan masu saye ta hannu za su samu, wadda ake kira tokumbo, a manyan kasuwannin kayan lantarki na Legas da Kano da Abuja. Ba aibi ba ne. Sony RX100 ta farko tun 2012 ta fito, kuma tana da sensa mai inci ɗaya kamar ƙannenta. In an sami mai lafiya, har yanzu tana fid da hoto mai kyau a kan kuɗi kaɗan.

Sai dai a je da ido buɗe. Mai saye ya tafi da katin ajiyar hoto nasa na kansa. Ya haska fitilar waya cikin gilashi ya duba ko akwai karce ko funfuna. Ya ƙuntata ƙofar haske zuwa f/8 ko fiye, ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya faɗaɗa hoton ya nemi tabon ƙura. Ya kunna ya kashe sau da yawa yana sauraro, in ido yana ƙara ko yana cijewa wajen fita, ya ajiye musu kayansu, domin gyaran wannan wuri yakan kusa kuɗin wata kyamarar. Ya duba ƙofar batir da maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, saboda kayan sata ma kasuwa suke zuwa. Katin ajiya kuma a saye shi wurin amintacce, gama na jabu ya yi yawa, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar da ya haɗiye hotunan suna gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

LADABIN MAI KYAMARA

Ƙaramar kyamara ba ta tsorata mutane kamar babba, wannan shi ne rabin amfaninta, kuma nan ne haɗarinta yake. Sauƙin ɗauka a ɓoye bai zama izini ba. Matan aure, da 'ya'yan mutane, da marasa lafiya, da wanda wani abin kunya ko hatsari ya same shi, ba a ɗaukarsu sai da yarda. Sallama da 'yar gaisuwa kafin a ɗaga kyamara sun fi kowane zum kawo fuska kusa. Barikin soja, da shingen jami'an tsaro, da makamantansu kuwa, mai hankali yakan bar kyamararsa cikin aljihu har ya wuce.

Daga ƙarshe, a tuna da marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗaya daga cikin manyan masu hoton Nijeriya, wanda ya rasu a 2014. Da 'yar kyamara mai araha ƙirar Brownie ya fara a shekarar 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan ƙasar nan, a titi da ofis da wurin biki, abin da kowa ke gani kullum ba wanda ya ɗauka da daraja. Ya tara hotuna wajen 1,000, har aka baje wasunsu a babban bikin zane-zane na birnin Venice a 2013. Kitso kwana nawa yake yi a kai kafin a tsefe? Da bai tsaya ya ɗauka ba, da yawancin waɗannan salo sun tafi ba shaida.

Haka abin yake a kowane gida. Hoton aure da na Salla ba su ɓata, domin ranar nan kowa a shirye yake. Wanda akan nema a rasa shi ne na tsohuwa tana kaɗi a ƙofar ɗaki, da na mahaifi a rumfarsa ta kasuwa kafin a rushe layin, da na tsohon zauren gida kafin a mai da shi na siminti. Irin waɗannan sai wanda ke tafe da kyamara ranar Talata, ba biki ba kome, yake samunsu. Kuma wanda ya samu, ya zaɓi goma ko ashirin a ƙarshen kowace shekara ya kai a wanke masa a takarda, domin waya tana ɓata, kati yana mutuwa, amma hoton da ke cikin adakar kaka yau shekara hamsin ke nan ana zaro shi ana nuna wa jikoki.